Kwamfutar kwantam: ga amsoshinku, ku bar ni in huta

Tunda aka ji ina gyaran kwamfuta a Computer Village da ke Ikeja, da wuya in fito daga sallar isha'i a Agege wani bai tare ni da maganar kwamfutar kwantam ba. Bakina ya gaji.

Nawa ake sayar da ita a Ikeja?

Ba a sayarwa. Duk wanda ya ce yana da ita a shago, dafe aljihunka.

To wai mece ce ita?

Kwamfutar da ka sani tana lissafi da sifili ko ɗaya. Ita wannan da kiyubit take aiki, wanda yake zama cikin haɗakar sifili da ɗaya har sai an auna shi. Ba aikin aljanu ba ne, ɗabi'ar ƙwayoyin zarra ce.

Za ta fasa asusuna na banki ta kwashe kuɗina?

Alhazan canji su suka fi damuna da wannan. A yau dai, a'a. Amma ba zan ce maganar banza ba ce. Tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantam mai ƙarfin gaske za ta iya warware lissafin da ake kulle saƙonnin intanet da shi, irin su RSA. Matsalar ita ce ba a gina mai wannan ƙarfin ba. A 2019 masana sun ƙiyasta sai an samu kiyubit miliyan 20. A 2025 wani mai bincike a Google, Craig Gidney, ya sauko da ƙiyasin ƙasa da miliyan ɗaya. Kwatanta da Condor ta IBM, ta 2023, mai kiyubit 1,121. Da sauran tafiya, sai dai ka lura ƙiyasin raguwa yake yi. Abin da ya fi damun masana shi ne a saci bayanan da aka kulle yau, a ajiye, a jira ranar da za a iya buɗewa. Shi ya sa a watan Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta fitar da sababbin makullai da aka tsara don jure wa kwantam, kuma manhajojin aika saƙo Signal da iMessage tuni suka fara sauyawa. Wannan aikin bankuna ne da kamfanoni, ba naka ba. Kai kuma, Alhaji, da kake karanta wa baƙuwar murya lambar sirrinka a waya, ɓarawonka ba ya buƙatar kwantam.

Yaushe za a sa ta a waya?

Irin ta Google da IBM sai an sanyaya ta kusan digiri 273 ƙasa da sifili. Mu da ƙanƙarar firij ba ta kwana in an ɗauke wuta?

To wane ci gaba ake ta yayatawa?

A 2019 Google ta ce kwamfutarta Sycamore mai kiyubit 53 ta gama wani lissafi cikin daƙiƙa 200. IBM ta ce an zuzuta abin. Wanda ya fi burge ni shi ne Willow, ita ma ta Google, Disamban 2024, kiyubit 105. Kiyubit abu ne mai saurin rikicewa, amma a Willow an nuna cewa in aka haɗa da yawa suna gyara wa juna, kuskure raguwa yake yi.

Me za ta amfana mana?

Ana fatan ta taimaka wajen gano magunguna, da batura, da hanyar yin takin zamani mai sauƙi. Fata na ce. Buhun taki bai sauko saboda ita ba tukuna.

Yarona yana son ya koya, ya za a yi?

Madalla. IBM ta buɗe kwamfutarta ta kwantam a intanet tun 2016, ana rubuta mata umarni da wata manhaja mai suna Qiskit. Ya riƙe lissafi da Python (yaren rubuta wa kwamfuta umarni) tukuna, ya rage TikTok.