Shin kansila yana da fansho? Abin da doka ta tanada a Abuja

Babu dokar da ta ba kansila fansho saboda kujerarsa. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa da mataimakinsa fansho a sashe na 84(5), a sashe na 124(5) kuma ya bar wa majalisun jihohi damar yi wa gwamna da mataimakinsa. Ko sunan kansila bai kama ba. Kansiloli 62 na Birnin Tarayya, 12 a AMAC (ƙaramar hukumar birnin Abuja), goma-goma a Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, zaɓaɓɓu ne masu wa'adi, wanda Dokar Zaɓe ta 2022 ta ɗaga daga shekara 3 zuwa 4. Hukumar fanshon ƙananan hukumomin Abuja kuwa ta ma'aikata ce, irin su malaman firamare da ma'aikatan lafiya.

Abin da kansila ke da shi shi ne kuɗin sallama. A tsarin albashin da hukumar RMAFC, mai tsara albashin masu riƙe da muƙaman siyasa, ta shimfiɗa, kashi 300 ne cikin 100 na gundarin albashin shekara, sau ɗaya, bayan kammala wa'adi. A lura da kalmar gundari: alawus ba ya cikin lissafi. A ce gundarin naira 800,000 ne a shekara, sallamar miliyan 2.4 ke nan. Matsalar da aka fi sani ita ce jinkiri, don sabon shugaba ba ya ɗokin biyan bashin da ya gada. Saboda haka kafin a sauka a tattara takardar shaidar cin zaɓe ta INEC, takardar rantsuwa da takardun albashi, a kuma rubuta buƙatar biya, a karɓi kwafi mai hatimi.

Wanda ya baro aikin gwamnati ya shiga takara, nan ne lissafin ya fi yawa. Doka ta tilasta masa ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe, daga nan kashi 10 na albashinsa da wurin aikinsa ke zuba masa da kashi 8 nasa sun daina shiga asusunsa na ajiyar fansho, wato RSA. Asusun dai bai mutu ba. Kamfanin fanshonsa zai ci gaba da juya kuɗin, lambarsa kuma ɗaya ce har abada; buɗe na biyu rikici kawai yake jawowa ranar karɓa.

Dokar fansho ta 2014 ta ce ba a taɓa asusun sai an yi ritaya ko an kai shekara 50, duk wanda ya zo daga baya. Amma wanda bai kai 50 ba, ya yi wata 4 bai samu wani aiki ba, yana iya cire har kashi 25. Masu faɗuwa zaɓe da bashin kamfe a wuya sukan ruga nan. Halal ne, sai dai kowace naira da aka cira ragi ce a fanshon wata-wata.

Idan lokaci ya yi, ana iya karɓar wani kaso a dunƙule, sauran kuma hanya biyu ce. Ko kamfanin fansho ya riƙa biya daga asusun, abin da ya rage in an rasu na magada ne; ko a sayi fanshon rai-da-rai a kamfanin inshora mai lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora. Wanda ya koma inshora ba ya dawowa, don haka a nemi lissafin duka biyun a rubuce.

Ɗan kasuwa ko manomi da ya zama kansila, bai taɓa yin asusu ba, yana da tsarin masu sana'ar kansu da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe a 2019: a je da lambar NIN, a zuba abin da ya sawwaƙa. Masu gudun riba su tambayi kamfanin fansho ko za su iya shiga Asusu na 6, wanda ba ruwansa da kuɗin ruwa. Idan kamfanin bai gamsar ba, ana iya sauya shi sau ɗaya a shekara.

Sunan makusanci da aka rubuta a fom ɗin asusun fansho ba ya mayar da mutum magaji. Kafin a saki kuɗin mamaci sai iyali sun kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar kula da gado.