Kan Rago, Kan Kada: Yadda Siffar Dabbobi Masu Ƙashin Baya Ta Sauya

A Kano ba ma rasa kan dabba a gabanmu: na rago da Babbar Sallah, na sa da na raƙumi a abbatuwa, na tarwaɗa a wurin masu kifi. Sai dai da an cinye naman ake wurgar da ƙashin, alhali a jikinsa masana ke karanta tarihin dabbar. Ga tambayoyin da ɗalibai suka fi yi a kan wannan fanni.

Su wane ne masu ƙashin baya, kuma tun yaushe suke?

Kifaye, kwaɗi, ƙadangaru da macizai, tsuntsaye, da dabbobi masu shayarwa. Mafi tsufan burbushinsu da aka sani an tono shi ne a Chengjiang da ke lardin Yunnan na ƙasar Sin, mai kimanin shekara miliyan 518. 'Yan halittun ruwa ne da ba su kai tsawon yatsa ba. Suna da kai da idanu, amma babu muƙamuƙi.

To daga ina muƙamuƙi ya fito?

A gefen kan kifi akwai jerin ƙasusuwa masu lanƙwasa da ke riƙe da wurin numfashinsa. Binciken ƙwai da 'yan tayi ya nuna cewa daga na farkon wannan jeri muƙamuƙi ke tsirowa. Kifaye masu muƙamuƙi sun bayyana fiye da shekara miliyan 430 da suka wuce, kuma daga nan aka samu cizo, da kamu, da tauna.

Malam, kifi ba shi da wuya. Yaya aka yi na tudu suka samu?

Ƙasusuwan kafaɗar kifi a manne suke da ƙoƙon kansa, shi ya sa in zai waiwaya sai ya juya jikinsa duka. A shekarar 2004 masanin burbushin halittu Neil Shubin da abokan aikinsa suka tono wani kifi a tsibirin Ellesmere na Kanada, aka sa masa suna Tiktaalik, mai shekara miliyan 375. Kansa shimfiɗaɗɗe ne irin na kada, a cikin fiffikensa akwai ƙasusuwa masu kama da na hannu, kuma kafaɗarsa ta rabu da kai. Wato ya samu wuya. Mu a nan muna da gaiwa, wadda ke shaƙar iska da huhu, ta kuma shige cikin laka ta jira damina idan ruwa ya ƙafe. Ita da 'yan uwanta ne suka fi kusa da dabbobi masu ƙafa huɗu a duk kifayen da ke raye yau.

Me masana ke dubawa a ƙoƙon kai har su ce wannan dangin wancan ne?

Da farko ramukan da ke bayan ido, inda naman tauna ke kamawa. Kada da ƙadangare biyu-biyu gare su a kowane gefe, kakannin masu shayarwa kuwa ɗaya. Amma hujjar da ta fi ratsa ni tana cikin muƙamuƙin ƙasa. In an gama da kan rago, ka ɗauki muƙamuƙin ka duba: kowane ɓari ƙashi ɗaya ne tal. Na kada ƙasusuwa shida ne a haɗe. Ina sauran suka tafi? Wasu sun ɓace, ɗaya kuwa tare da ƙashin kan da yake haɗuwa da shi, waɗanda su biyun ne mahaɗar muƙamuƙi da kai a jikin kada, sun ƙanƙance sun koma cikin kunne. Shi ya sa mai shayarwa ke da ƙananan ƙasusuwa 3 a tsakiyar kunnensa, ƙadangare da tsuntsu kuwa ɗaya. Wani Bajamushe, Karl Reichert, ya lura da wannan tun 1837 ta hanyar nazarin 'yan tayi, daga baya aka tono burbushin dabbobin da ke tsakani, har da masu mahaɗa iri biyu a muƙamuƙi guda. Jaririn kangaru, wata dabba mai shayarwa ta Ostireliya, ma da waɗannan ƙasusuwan a maƙale da muƙamuƙi ake haihuwarsa, sai yana girma su koma kunne. Ƙashin da ake tauna da shi ya zama na jin sauti. Wannan abu bai taɓa daina ba ni mamaki ba.

Me ya sa kawunan suka bambanta haka?

Galibi abinci ne. Rago ba shi da haƙoran gaba na sama, dasashi ne mai tauri yake datse ciyawa a kai, kuma idanunsa na gefe don hango maƙiyi. Kura tana da tudun ƙashi a tsakiyar ka, inda naman tauna mai kauri ke kamawa, har take fasa ƙashi ta sha ɓargo. Mesa kuwa ɓarin muƙamuƙinta biyu ba a haɗe suke da ƙashi a haɓa ba, jijiya ce mai talewa, shi ya sa take haɗiye abin da ya fi kanta kauri.

A Gadoufaoua da ke hamadar Tenere a maƙwabciyarmu Nijar an tono Nigersaurus, dinoso (wata ƙatuwar dabba ta zamanin da da ta ƙare) mai kimanin shekara miliyan 110, wanda masanin burbushin halittu Paul Sereno da tawagarsa suka raɗa wa suna a 1999. Bakinsa mai faɗi ne a miƙe, da haƙora fiye da 500, yana kiwon tsirrai a ƙasa. A wurin ne kuma aka samu Sarcosuchus, ɗan uwan kada, wanda kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi. Ina ganin ya kamata ɗalibanmu su san waɗannan sunaye tun a sakandare.

Raƙumin dawa ya fi rago yawan ƙashin wuya ke nan?

A'a. Dukkansu 7 gare su, haka ɓera, haka raƙumi. Na raƙumin dawa tsawo kawai suka yi, ɗaya kan kai santimita 25. Kusan duk masu shayarwa a kan 7 ɗin nan suka tsaya. Tsuntsaye ne suka bi ta ƙara yawa: kaza tana da 14. Maciji ya bi wannan hanya a jikinsa gaba ɗaya, da gaɓoɓin ƙashin baya daga 200 zuwa 400, kuma har yanzu mesa na ɗauke da 'yan guntayen ƙasusuwan ƙafar baya kusa da gindin wutsiyarta.