Gano cutar lishmaniya ta fata da tantance jinsin ƙwayarta

Lishmaniya ta fata cuta ce da ƙwayoyin Leishmania ke haddasawa. Suna shiga jiki ta cizon macen ƙudan yashi, wani ɗan ƙwaro mai gashi-gashi da tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Jinsunan Leishmania fiye da 20 ne ke kama ɗan Adam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 600,000 zuwa miliyan 1 ke kamuwa da nau'in fata duk shekara, kusan kashi 95 cikin 100 a nahiyar Amurka, kewayen Bahar Rum, Gabas ta Tsakiya da tsakiyar Asiya.

Tambaya biyu ake son amsawa wajen gano cutar: akwai ƙwayar a cikin mikin? In akwai, wane jinsi ce? Madubin likita yana amsa ta farko kaɗai, domin a ƙarƙashinsa duk jinsunan kamarsu ɗaya. Ta biyu sai an koma ga sinadarin gado na ƙwayar, wato DNA, ko ga sinadaran jikinta. Kuma dukkan amsoshin sun rataya ne a kan yadda aka ɗebi samfur daga fata.

Kamannin mikin

Makonni ko watanni bayan cizo, ɗan ƙurji ja yakan fito a inda tufafi ba ya rufewa: fuska, kunne, wuya, hannu ko ƙafa. Sai ya yi tauri, ya riƙa girma a hankali, tsakiyarsa ta fashe ta zama gyambo mai rami, gefensa a tashe da kauri kamar bakin tukunya. Wani yana tsatsar ruwa, wani busasshe ne da ɓawo a kai. Yawanci ba ya zafi sai in bakteriya sun hau kansa, shi ya sa mai shi kan daɗe bai nemi magani ba. Wani lokaci akan ji ƙulle-ƙulle a jere ƙarƙashin fata, sun nufi wajen kaluluwa.

Ido kaɗai bai isa yanke hukunci ba. Gyambon Buruli, tarin fuka na fata, kuturta, cutar fangas ta sporotrichosis, sankarar fata da gyambon ƙafa na masu sikila duk suna iya yin kama da shi. A wajen masu cutar HIV kuwa mikin kan yi yawa ya sauya kama. Abin da ke ƙara zargi shi ne gyambo marar zafi da ya wuce wata guda, ya ƙi jin magungunan kashe bakteriya, a jikin wanda ya zauna ko ya bi ta yankin da cutar take. Dole a tambayi majinyaci duk inda ya je, ƙasa da yanki, har shekarun baya, saboda wannan amsar ce ke fara nuna jinsin da za a nema.

Ɗaukar samfur

Akan zaɓi miki mafi sabunta, wanda gefensa ke da tauri da kumburi, ba wanda ya fara warkewa ba. Ƙwayoyin sun fi yawa a sabon miki. In ya haura wata shida sukan yi ƙaranci ƙwarai, domin garkuwar jiki ta riga ta cinye yawancinsu. A wanke wurin da sabulu da ruwa, a cire ɓawo da mataccen nama, a goge da barasar asibiti mai ƙarfin kashi 70, a bari ya bushe. In an shafa aidin, sai an goge shi tas, don burbushinsa yana hana ƙwayar girma a kwalbar raino, wato kwalbar da ake kiwon ƙwayar a ɗakin gwaji don ta hayayyafa a gan ta. Haka maganin kashe zafi: lidocaine na kashi 1 ya wadatar, a zuba kaɗan a gefe, domin yawansa ma yana raunana ƙwayar.

Hanya mafi sauƙi ita ce tsaga da kankara. Mai gwaji zai matse gefen mikin tsakanin babban yatsa da manuniya har wurin ya yi fari, jini ya janye. Ya yi 'yar tsaga ta milimita kaɗan da askar tiyata, ya juya bakin askar ya kankari bangon tsagar, ya shafa abin da ya samu siriri a kan gilashi. Kada ya saki matsewar sai ya gama. Jini shi ne babban mai ɓata wannan aiki: yana tsinka samfurin, jajayen ƙwayoyinsa su rufe abin da ake nema, kuma ƙananan gutsattsarin jini masu sa shi daskarewa suna ruɗar ido. Mugunya ba ta da amfani ko kaɗan. Ana iya kankarar ƙasan gyambon ma bayan an tsabtace shi. Gilashi uku zuwa biyar daga wurare daban-daban sun fi guda ɗaya nesa ba kusa ba.

Hanya ta biyu zuƙa ce da allura. A ɗebi kusan mililita 0.1 na ruwan gishirin asibiti marar sinadarin adanawa a ƙaramin sirinji, a soka ta lafiyayyar fata zuwa cikin gefen mikin, a tura ruwan, a motsa allurar gaba da baya, a zuƙo. Wannan ya fi dacewa da raino, domin allurar ba ta bi ta cikin dattin gyambon ba.

Ta uku yanko ɗan nama ne, galibi mai faɗin milimita 4, daga gefen mikin har da ɗan sashen da bai fashe ba. Akan raba shi: ɓangare don raino, ɓangare a dangwala a kan gilashi bayan an tsane jininsa, ɓangare a fomalin (ruwan adana nama) na kashi 10 don duban nama, ɓangare kuma don PCR, wato gwajin da ke ninka DNA na ƙwayar har a iya gano shi. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne jefa naman duka cikin fomalin. Fomalin yana kashe ƙwayar, yana kuma kakkarya DNA, sai a wayi gari ba raino, PCR ɗin ma ya yi rauni. Rabon PCR a sa shi a barasar etanol, ko a shafa a takardar tacewa ta musamman a busar. In za a yi hanyoyin duka a zama ɗaya, a fara da na raino tun wurin yana da tsabta, kankara ta zo ƙarshe.

A ƙarƙashin madubi

A bar gilashin ya bushe a iska, a kafe shi da metanol, a rina da rinin Giemsa. Ɗakunan gwaji da yawa suna haɗa kashi 1 na rini da kashi 9 na ruwa mai ma'aunin pH 7.2, su bar shi minti 20 zuwa 30. In ruwan ya yi tsami, komai sai ya fito ja. In ya karkata ɗaya ɓangaren, shuɗi ya rufe komai. Ana dubawa da idon madubi mai lamba 100 da ɗigon mai.

Siffar da ake nema ana kiranta amastigot: 'yar ƙwaya mai kamar ƙwai, mikromita 2 zuwa 4, a cikin manyan fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye cuta, ko a warwatse kusa da waɗanda suka fashe wajen shafawa. Jikinta shuɗi ne mai haske, cibiyarta ja mai duhu, a gefen cibiyar kuma akwai ɗan gajeren sanda da ya fi ta duhu, shi ne kinetofilast. Sai an ga ukun nan tare, jiki da cibiya da sanda, kafin a rubuta an ga Leishmania. Ƙwayar fangas ta Histoplasma girmanta kusan ɗaya, ita ma tana zama cikin fararen ƙwayoyin, amma ba ta da sandan. Dusar rinin da ba a tace ba ita ma ta sha yaudarar sababbin hannu.

Wannan siffa ce likitan sojan Rasha Piotr Borovsky ya bayyana daga gyambon fata a Tashkent a 1898. A 1903 William Leishman da Charles Donovan, kowa daban, suka ba da rahotonta daga saifar masu cutar kala-azar ta Indiya, wato lishmaniyar cikin ciki, Ronald Ross kuma ya raɗa wa ƙwayar sunan Leishmania a shekarar.

Ganin ƙwayar tabbaci ne, rashin ganinta kuwa ba ya wanke majinyaci. Mikin jinsin Leishmania major (a taƙaice L. major) da na L. amazonensis sukan cika da ƙwayoyi, na L. braziliensis kuwa ana iya duba ɗaruruwan wurare a kan gilashin ba a ga ko ɗaya ba, musamman in ya tsufa ko ya koma cikin hanci. A yankakken nama ma amastigot ya fi wuyar gani fiye da a shafaffen gilashi. Amfanin duban nama shi ne fitar da sankara ko tarin fuka daga zargi.

Raino

A cikin kwalba ƙwayar takan koma siffar da take da ita a cikin ƙudan yashi, wato promastigot: doguwa, siririya, da wutsiya a gaba, tana iyo. Tsohon abincin raino shi ne NNN, mai haɗin jinin zomo, wanda Charles Nicolle ya daidaita a Tunis a 1908 daga aikin Novy da MacNeal. Ana kuma amfani da ruwan Schneider. Zafin da ake so digiri 22 zuwa 26 ne a ma'aunin Salshiyas. Sa kwalbar a na'urar digiri 37 da ake rainon bakteriya kuskure ne mai kashe ta, firji ma ba wurinta ba ne. Ana duba ɗigo aƙalla sau ɗaya a mako, har mako huɗu kafin a ce babu. Bakteriya da fangas daga gyambo sukan riga ƙwayar girma su lalata kwalbar, don haka ake ƙara penicillin da streptomycin ko gentamicin. L. braziliensis ta shahara da ƙin girma.

Gwajin fata da na jini

Gwajin Montenegro, wanda likitan Barazil João Montenegro ya fito da shi a 1926, allura ce ta mililita 0.1 ta matattun promastigot a cikin fatar hannu. Bayan awa 48 zuwa 72 ana auna taurin da ya fito, ba jan ba. Milimita 5 ko fiye yana nuna jiki ya san ƙwayar. Sai dai ba ya bambanta ciwon yau da na shekarun baya, kuma ba ya fitowa a wajen masu nau'in da ke bazuwa ko'ina a fata, duk da su ne suka fi ɗauke da ƙwayoyi. Gwaje-gwajen jini irin su rK39 don lishmaniyar cikin ciki aka yi su, ba abin dogaro ba ne a ciwon fata. Akwai gwajin gaggawa na CL Detect mai neman wani sinadarin ƙwayar daga abin da aka ɗebo a mikin, amma shi ma yana rauni inda ƙwayoyi suka yi kaɗan, kuma ba ya faɗin jinsi.

Tantance jinsi

Shekaru da dama ma'aunin da ake komawa gare shi shi ne kwatanta sinadaran enzayim na ƙwayar ta hanyar tafiyarsu a wutar lantarki. Cibiyar Montpellier a Faransa ce ta ba rukunonin lambobi masu farawa da MON. MON-1, misali, shi ne rukunin L. infantum da ya fi yaɗuwa a Bahar Rum. Hanyar tana buƙatar a raini ƙwayoyi masu ɗimbin yawa, tana cin makonni, don haka ba ta cika isar da amsa kan lokacin magani ba.

Yau PCR ne ya karɓi aikin, kuma ya fi sauran hanyoyi kama ƙwayar ko da kaɗan ce. Amma ba duk PCR ne ke faɗin jinsi ba. Ya danganta da sashen DNA da aka nufa. Ƙananan zobban DNA na kinetofilast sun kai kusan 10,000 a ƙwaya guda, shi ya sa nemansu ya fi kaifi wajen gano akwai ko babu, amma bambancinsu ya yi yawa har a cikin jinsi ɗaya. Sashen 18S kusan iri ɗaya ne a duk jinsuna, iyakarsa ya ce Leishmania ce. Sashen ITS1, in an yanka shi da enzayim HaeIII aka duba tsawon gutsattsarin, yana raba L. major, L. tropica, L. aethiopica da L. infantum da kyau, amma yana kasawa tsakanin 'yan rukunin Viannia na Latin Amurka, wato L. braziliensis da danginta. A nan sashen hsp70 ya fi, musamman in an karanta jerin haruffansa. Kaifin PCR shi ne kuma hatsarinsa: burbushin DNA daga gwajin jiya ya isa ya ba da amsar ƙarya, don haka ake raba ɗakin haɗa sinadarai da ɗakin duba sakamako, ana kuma saka kwalbar da ba a sa mata samfur ba a kowane zagaye, don a gane in burbushi ya shiga.

Dalilin duk wannan wahala shi ne jinsi ke faɗin makomar mikin. L. major, mai fitowa daga ɓerayen daji a Arewacin Afirka, yankin Sahel, Gabas ta Tsakiya da tsakiyar Asiya, takan yi gyambuna masu ruwa da ke warkewa da kansu cikin watanni, su bar tabo. L. tropica, mai yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ta cizon ƙudan yashi a birane irin Halab da Kabul, mikinta busasshe ne, yakan kai shekara ko fiye, wani lokaci ya sake tsirowa a gefen tabo. L. aethiopica ta tsaunukan Habasha da Kenya, wadda rema ke ɗauke da ita, tana iya bazuwa ta yi kama da kuturta, ga taurin kai ga magani. A Latin Amurka, L. mexicana ta saba kama kunnen masu aiki a dazukan Yucatán. Wadda aka fi tsoro ita ce L. braziliensis, wadda Gaspar Vianna ya raɗa wa suna a 1911: bayan mikin fata ya warke da watanni ko shekaru, tana iya ɓullowa a hanci da baki, ta fara da toshewar hanci da haɓo, ta kai ga cinye guringuntsi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na lishmaniya mai kama hanci da baki ana samunta ne a Bolibiya, Barazil, Habasha da Peru.

Saboda haka ƙaramin mikin L. major ana iya ƙona shi da sanyi ko zafi, ko a yi masa allurar maganin antimoni a cikinsa, ko ma a zuba masa ido. Miki mai irin wannan kama daga dajin Bolibiya kuwa likitoci sukan fi karkata ga maganin da ke ratsa jiki duka, kamar allurar antimoni, miltefosine ko amphotericin B. L. guyanensis kuma ana yawan ba ta pentamidine a yankin Giyana.

Inda babu PCR akan yi hasashen jinsi daga wurin da aka kamu. Hasashen yana aiki a yankin da jinsi ɗaya ya mamaye, yana kuma ɓata inda suka cakuɗa: a Iran L. major da L. tropica duk suna nan, a dajin Amazon jinsuna da yawa na yawo a wuri guda, a Sri Lanka kuwa L. donovani, wadda aka sani da ciwon cikin ciki, ita ke haddasa mikin fata.

PCR ba ma'aunin warkewa ba ne, domin DNA na ƙwayar yana iya zama a tabo shekaru bayan mikin ya rufe. Da ido ake auna waraka: girman gyambon ya ragu, kumburin gefe ya kwanta, sabuwar fata ta rufe shi cikin kusan wata uku da fara magani. Ana ci gaba da duba majinyaci wata 6 zuwa 12, wanda ya kamu da jinsin Viannia kuma a gargaɗe shi ya dawo da zarar hanci ya fara toshewa ko zubar jini ba dalili.