Rarrabe sinadarai masu nauyi na ɗanyen mai da kwal

Kuromatogarafi hanya ce ta raba sinadaran da suka cakuɗe, ta hanyar bi da su cikin dogon bututun gilashi da aka ɗura wa garin silika ko alumina. Wanda garin ya riƙe da ƙarfi sai ya makale a sama, wanda bai riƙe ba ya riga fita. Mikhail Tsvet, masanin tsirrai ɗan Rasha, ya bayyana ta a 1903 yana raba launukan ganye da garin alli. A wajen shekarun nan ne kuma David Day a Amurka yake tace ɗanyen mai ta cikin yumɓu.

Fetur da kananzir ba su da wuyar aunawa, don da ɗan zafi suke zama tururi. Aikin yana ga guggubin da ke kwanciya a gindin hasumiyar matata, baƙi ƙirin mai danƙo, wanda yakan lalace kafin ya yi tururi. Shi sai an narkar da shi. Da farko akan zuba masa heftan, wani ruwan narkarwa, sai kason da bai narke ba, wato asfaltin, ya kwanta a ƙasa kamar garin kofi, a tace shi. Ragowar ake ɗurawa cikin bututun: heftan ya wanko kaso mai fari-fari mai kakin zuma-zuma, toluwin, wani ruwan narkarwar, ya fito da mai launin ja-ja, sannan ruwa mai ƙarfi da aka haɗa da metanol ya ɓamɓaro ƙaron da ya liƙe. Wannan rabo huɗu, har da asfaltin, shi ake kira SARA, daga haruffan farko na sunayensu da Turanci.

Sai dai a kula da alƙaluman. Asfaltin ba sinadari guda ba ne, duk abin da heftan ya ƙi toluwin ya karɓa ne. Wanda ya yi aiki da fentan, ruwan narkarwa ɗan'uwan heftan, zai samu asfaltin fiye da na mai heftan daga samfuri ɗaya, don haka sakamakon da bai faɗi ruwan narkarwa ba, rabin magana ne.

A Saudiyya abin ya shafi ɗanyen mai mai nauyi irin na Safaniya, rijiyoyin cikin teku da aka gano a 1951. Asfaltin na toshe bututu, kuma ƙarafan banadiyam da nikel da ke cikinsa suna kashe sinadaran da matatu irin na Ras Tanura da Yanbu ke fasa mai da su. Kwaltar titunan Makka da Jidda da Hausawa mazauna can ke takawa kullum, daidaiton kason nan huɗu ne ke sa ta jure zafin bazara ko ta yi laushi.

Kwaltar kwal ta fi taurin kai: wani kasonta ko toluwin ba ya narkar da shi, sai firidin, ruwan narkarwa da ya fi shi ƙarfi.