Liyafar dala 25,000: tambayoyi kan abin da ya faru a jaridar Washington Post

Me ya faru ne?

A ranar 2 ga Yulin 2009, kafar Politico ta fallasa wata takardar talla da sashen kasuwanci na Washington Post ya raba. Jaridar ta shirya jerin liyafar cin abincin dare a gidan shugabarta, Katharine Weymouth. Kamfanin da ya biya dala 25,000 zai ɗauki nauyin zama ɗaya, dala 250,000 kuma jerin gaba ɗaya. Abin da zai samu shi ne zama teburi ɗaya da jami'an gwamnatin Obama, 'yan majalisa da 'yan jaridar gidan, kuma duk abin da aka faɗa ba za a buga ba. Zaman farko kan gyaran tsarin kiwon lafiya ne, batun da ake ta kai ruwa rana a kansa a majalisa a lokacin.

To ina laifin, tunda jarida ma kasuwanci ce?

Neman kuɗi ba laifi ba ne. Intanet ya janye masu talla, ga kuma karyewar tattalin arzikin 2008. Matsalar ita ce hajar da aka kasa. Jami'in gwamnati yana amsa gayyatar jarida ne saboda sunanta, sunan da amanar masu karatu ta gina. Sai ga shi ana neman sayar wa kamfanin da ke kamun ƙafa a majalisa damar yi wa jami'in raɗa a kunne. Shi kuma ɗan jaridar da ya ci tuwon daren da kuɗin kamfanin inshora, gobe da wane ido zai binciki kamfanin? Bakin da ya ci, shi ke godiya.

Yaya aka ƙare?

A ranar da labarin ya fito aka soke shirin. Babban edita Marcus Brauchli ya ce ma'aikatansa ba za su halarta ba, Weymouth kuma ta nemi gafarar masu karatu.

Ke nan duk taron da jarida ta karɓi kuɗi a kai haramun ne?

A'a. Taron da ake yi a bainar jama'a, an bayyana sunan mai ɗaukar nauyi, editoci ne suka zaɓi batu da masu magana, kowa kuma yana iya buga abin da ya ji, wannan da sauƙi. Amma ko a nan sai an sa ido, domin mai ɗaukar nauyin bana yakan so a ba shugabansa kujera a kan dandamali baɗi.