Mene ne "taimin" da kowa ke cewa a ƙara wa babur?

Tun da bidiyoyin ƙara wa babur gudu suka cika TikTok da YouTube, kalmar taimin ta shiga bakin kowa. A sauke inji, a sa sabon fistin mai tudu, a goge kan silinda don matsi ya ƙaru, sai ka ji mai bayani ya rufe da cewa "sai kuma a ƙara masa taimin ya tashi." Wannan "ƙara" ɗin ce take ci mini tuwo a ƙwarya, domin ta halaka injuna da yawa waɗanda aka kashe musu kuɗi da gumi.

Kalmar daga Turanci aka aro ta, kuma ma'anarta daidaita lokaci. A inji abu biyu ake kira da ita. Akwai taimin na bawul, wato sarƙa ko haƙoran da ke sa bawul su buɗe su rufe daidai da tafiyar fistin. Wannan alama ce ake haɗawa da alama, ko ya zauna ko bai zauna ba. Akwai kuma taimin na wuta, wato lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi. A kan na biyun ake ta ɓaram-ɓarama.

Taimin ba gishiri ba ne da za a ce a ƙara ko a rage. Lokaci ne, ko dai ka yi sara a kan gaɓa ko ka kuskure. Haɗin mai da iska ba ya ƙonewa nan take, wutar tana farawa daga bakin fulogi ta bazu, kuma bazuwar na cin lokaci. Shi kuwa fistin ba ya jira: a juyi 6,000 cikin minti ɗaya, karanshaf na kammala zagaye 100 a daƙiƙa guda. Don haka dole fulogi ya kyasta tun fistin bai kai ƙololuwa ba, yadda ƙarfin turin zai cika bayan ya ɗan gota ta da kamar digiri 15 na juyin karanshaf, ya kama hanyar sauka. A ƙananan babura tartsatsin kan zo digiri 10 zuwa 15 kafin ƙololuwa idan inji na silo, ya haura digiri 30 idan an murɗa totur. Harafin F da ake gani kusa da T (alamar ƙololuwa) a jikin maganeto na babura da dama, wannan tazarar yake nunawa.

Ka ɗauki maharbi da tsuntsu a sama. Ba ya saita tsuntsun, gabansa yake saitawa, domin kafin harsashi ya isa tsuntsu ya matsa. Idan tsuntsun ya ƙara gudu, sai ya ƙara nisan saitin. To a ce an canja masa bindiga, an ba shi wadda harsashinta ya fi na da sauri. Zai ƙara nisan saiti ne ko zai rage? Ragewa zai yi, in ba haka ba harsashi ya riga tsuntsu wucewa. Ƙara matsin inji daidai yake da canja bindigar nan. Haɗin da aka matse sosai ya fi zafi, ya fi cunkushewa, ya fi saurin kamawa, don haka ba ya buƙatar a kyasta masa da wuri kamar da. Masu cewa a ƙara taimin suna nufin a matso da tartsatsin ya ƙara zuwa da wuri, wato sun juya abin a baibai.

Kuma ba wani babban sauyi ake buƙata ba kafin a shiga wannan hali. Silinda mai cc 125 da matsin 9 bisa 1, ɗan sararin da ke saman fistin kusan cc 15.6 ne. Rage shi zuwa 12.5, matsi ya zama 11 bisa 1. Abin da aka cire bai cika ƙaramin cokali ba, amma injin ya zama wani daban.

Idan wuta ta zo da wuri a irin wannan inji, ragowar haɗin da ke can gefe yakan fashe da kansa kafin harshen wuta ya iso shi. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawan tudu da babbar giya. Wannan shi ne nokin na asali, kodayake mu sai inji ya buga gaba ɗaya muke kiran sunan, bayan gargaɗin ya daɗe da wucewa. Wutar cikin silinda ta haura digiri 2,000 a ma'aunin Salsiyos, alhali alminiyon da ake yin fistin da shi yana narkewa a wajen 660. Abin da ke kare shi wani siririn lulluɓin iska ne da ke kwance a fuskarsa. Fashewar nan tana yaye lulluɓin, zafi ya shiga ƙarfe kai tsaye, gefen fistin ya fara zaizayewa, ringi ya karye.

Kada kuma wani ya ji haka ya ja tartsatsin baya fiye da kima. Wutar da ta makara tana fita ta bawul tana ci, ta ƙone shi, wuyan salansa ya yi ja, babur ya yi nauyi. A ja baya da digiri 2, a gwada bayan inji ya yi zafi sosai, a saurara, sannan a sake. Da fitilar duba taimin ake wannan aiki. Akwatin CDI shi ke sarrafa lokacin tartsatsi, kuma ni ban yarda da wanda ake sayarwa da sunan na tsere ba matuƙar ba a san digirin da yake bayarwa ba.

Ba taimin kaɗai ake gyarawa ba idan an ƙara matsi. Fetur mai lambar oktan 95 ya fi mai 91 jure matsi kafin ya fashe da kansa. Juriya kawai lambar ke nunawa, ba ƙarfi ba. Kafireta ma sai an ƙara mata girman jet, wato ƙaramin ramin da mai ke bi, domin haɗin da mai ya yi masa kaɗan zafi yake haifarwa. Fulogi kuma a koma mai saurin zubar da zafi. A lambobin fulogin kamfanin NGK, 8 ya fi 7 sanyi.

Sabon ringi yana gogar bango sosai a kilomitocin farko, zafi na ƙaruwa. Injin da iska ke sanyayawa kada a bar shi yana silo a tsaye na dogon lokaci, kuma a juye baƙin mai na farko da wuri, tun ɓurɓushin ƙarfen bai zagaye inji ba. Bayan 'yan kwanaki a kwance fulogi a duba bakinsa da kyau: launin ƙasa-ƙasa alama ce ta lafiya, idan kuwa ya yi fari fat da ɗigo-ɗigon baƙi ko masu ƙyalli, ɓaraguzan fistin ne kake gani, a ja tartsatsin baya kafin a sake hawa.