Me ya sa Kirista yake riƙe da Dokoki Goma amma ba ya yanka hadaya?

Tambaya ce da Kiristan Maradi ya saba ji daga bakin maƙwabcinsa Musulmi, wani lokaci ma daga ƴaƴansa: in Attaura tana cikin Littafi Mai Tsarki, yaya aka yi kuka ɗauki wasu dokokinta kuka bar wasu? Malaman ikkilisiya suna amsawa da rabon da suka yi wa shari'ar Musa gida uku.

Akwai dokar hali, wato abin da Allah yake nema ga kowane mutum a kowane zamani. Dokoki Goma na Fitowa 20 su ne taƙaitawarta: kada a yi kisa, zina, sata ko shaidar zur, kada a bauta wa wani allah. Akwai dokar mulki, wadda ta tsara zaman Isra'ila ta dā a matsayin ƙasa, kamar cewa wanda ya saci tunkiya ya yanka zai biya huɗu. Wannan ta tafi da ƙasar, sai dai adalcin da ke cikinta. Sannan dokar ibada: hadayu, firistoci, idodi, kaciya a rana ta takwas, da naman da aka haramta a Littafin Firistoci 11, inda dabba ba ta halatta sai tana tuƙa kuma kofatonta a rabe yake. Alade ya faɗi a sharaɗi na farko, raƙumi a na biyu.

Koyarwar ita ce dokokin ibada inuwa ce mai nuna Almasihu tun kafin ya zo, kamar yadda Bulus ya faɗa a Kolosiyawa 2:16-17. Ibraniyawa 10 ta ce jinin bijimai da awaki ba ya ɗauke zunubi, hadayar Yesu kuwa sau ɗaya ta isa. Shi ya sa taron manzanni a Urushalima, a Ayyukan Manzanni 15, bai ɗora wa waɗanda ba Yahudawa ba kaciya ba. Kiristan da ya yi wa ɗansa kaciya yau, ko ya ƙi naman alade, al'ada ya bi ko lafiya ko zaman tare da jama'a, kuma ba laifi. Kuskuren yana farawa ne ranar da ya ce cetonsa a kan haka yake.

Amma a sani, Musa bai rubuta "wannan ta hali, wannan ta ibada" a kan kowace aya ba. Yahudawa sun ƙirga dokoki 613, kuma gaba ɗaya suke ɗaukarsu. Rabon aikin malamai ne: Toma Akwinas, malamin Katolika, ya tsara shi a ƙarni na 13, Shaidar Bangaskiya ta Westminster ta 1646, takardar koyarwa ta wasu ikkilisiyoyin Furotesta, ta maimaita shi a babi na 19. Buɗe Littafin Firistoci 19 ka gani. Aya ta 18 ta ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, ta 19 ta hana sa tufar da aka saƙa da zare iri biyu. Babu ko layi tsakaninsu.

Don haka mai karatu yakan yi tambaya biyu a kan kowace doka. Shin tana rataye ne da haikali, firist ko tsarkin jiki? Kuma me Sabon Alkawari ya yi da ita, ya maimaita ta ko ya ce ta cika? An maimaita hana zina da sata a Romawa 13. Abinci kuwa, Markus 7:19 ya tsarkake shi. Abin da ke ɓata aikin shi ne mutum ya fara da son ransa, duk dokar da ta yi masa nauyi ya jefa ta cikin kwandon ibada.

Inda gizo ke saƙar shi ne dokar hutun ranar Asabar. Tana cikin Dokoki Goma, amma tana da kamannin idi. Ƴan Adventist, wata ɗarika ta Kirista, sun ce ta hali ce ɗungum, suna hutawa daga faɗuwar ranar Jumma'a zuwa ta Asabar. Katolika da yawancin ikkilisiyoyin bishara sun ce keɓe lokaci domin Allah shi ne na hali, ranar kanta ta ibada ce, suna taruwa ran Lahadi domin a ranar Yesu ya tashi. Kowane ɓangare da wannan rabon yake aiki, a layin da za a ja ne suka rabu.